Idan Na'ura Ta Karɓe Aikin Yaron Shago

 

Kusan kullum sai wani ɗalibi ya tare ni a ƙofar aji: "Malam, mu ci gaba da koyon rubuta manhaja, ko ƙirƙirarriyar basira ta riga ta shiga gabanmu?"

Mu fara da abin da aka auna. A 2022 kamfanin GitHub ya ba mutum 95 aiki iri ɗaya. Masu amfani da Copilot, ƙirƙirarriyar basirar kamfanin mai taya rubuta manhaja, sun gama cikin awa 1 da minti 11, sauran kuwa sai da suka ci awa 2 da minti 41. Sai dai mai kayan ne ya yi gwajin, mai tallar nono kuwa ba ta cewa ya yi tsami. A 2025 cibiyar METR ta Amurka ta bi gogaggu 16, kowa a kan babbar manhajar da ya san ciki da bayanta. Da na'ura a hannunsu, lokacin aiki ƙaruwa ya yi da kashi 19 cikin 100, alhali su gani suke sun ƙara sauri! Ina lokacin ya tafi? A ba ta umarni, a jira, a karanta abin da ta kawo, a gyara ɓarnarta.

Saboda haka gwani ba ya ba ni tsoro. Ɗan koyo nake jiye wa.

Ku leƙa shagon tela. Yaro yakan daɗe yana sa maɓalli, yana kalmasa, yana guga, kafin maigida ya yarda ya ɗora almakashi a kan shaddar mutane. A wannan ƙaramin aikin hannunsa ke faɗawa. To, irinsa na'urar ta fi ƙwarewa a kai: gyaran ƙaramin kuskure, rubuta gwaji, haɗa fom. Tun Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da rubu'in sabon rubutun manhajarsu na'ura ke yi, injiniyoyi su duba. Wa zai duba nan da shekara goma, idan yau ba a ɗauki yara ba?

Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mini aikinsa, yana tafiya sumul. Na ɗora yatsa a kan layi ɗaya, na ce me wannan yake yi? Ya sosa ƙeya. Ban ga laifinsa ba sosai, mu ne ke ba da maki a kan abin da ya yi aiki, ba ma tambayar yadda aka yi.

Malamai 'yan uwana, da masu horar da matasa a shirin 3MTT, ina roƙonku: kada ku hana su na'urar, amma ku zaunar da kowane ɗalibi ya kare aikinsa da baki, layi bayan layi.