Firinta Mara Kebul a Ƙananan Shaguna: Riba da Amana

 

 Maganata a yau kan firinta mara kebul ce, wato wadda ake tura wa aiki daga waya ko kwamfuta ba tare da an jona komai ba. Ra'ayina shi ne na'ura ce mai amfani ƙwarai ga ƙaramin ɗan kasuwa, amma duk wanda ya saye ta ya ɗauki amanar takardun jama'a, kuma dole ya san yadda zai tsare ta.

Mu fara da yadda take aiki. Hanyoyi biyu ne. Ko dai firinta da sauran na'urorin shago su hau Wi-Fi guda ta rauta, ko kuma firintar da kanta ta fitar da siginarta, waya ta kama kai tsaye, abin da ake kira Wi-Fi Direct. Mutane da yawa suna zaton sai da data, alhali duka hanyoyin biyu ba sa buƙatar intanet. Kamfanin Apple ya fito da tsarin AirPrint a 2010, sannan a 2013 kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙawancen Mopria, wanda ya sauƙaƙa wa masu wayar Android.

Ina ribar take? Ku dubi shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'inmu a Kano da Zariya da Sakkwato. Kwastoma a yau ba ya zuwa da kwamfuta. Takardar JAMB, sakamakon WAEC, silif ɗin NIN, takardar neman aiki, duk a wayarsa suke. Idan zai iya tura su ga firinta kai tsaye, layi ya ragu, mai shago ya sallami mutane da yawa a lokaci kaɗan. An kuma huta da fulash, wanda ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana kwasar cutar da ke ɓoye fayiloli. Haka nan kemis ko ƙaramar makaranta mai tebur uku za ta wadatu da firinta guda, kuɗin biyun ya koma jari.

To amma akwai wahalhalu, kuma na farko shi ne wuta. Da an ɗauke ta, rauta ta mutu. Idan aka tada janareta, wani lokaci rautar kan ba firinta sabon adireshi, sai kwamfuta ta neme ta ta rasa, kwastoma na tsaye yana jira. Maganin wannan shi ne mai gyara ya kafe wa firintar adireshi guda, a kuma ajiye kebul a kusa. Na biyu, sigina na rauni idan katanga ta yi kauri, ko a kasuwa mai cunkoson na'urori irin ta Farm Centre, domin firintoci masu araha da yawa zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, shi ne kuwa ya fi cika.

Na uku, dogaro da kamfani. Google ya rufe tsarinsa na Cloud Print a ƙarshen 2020, waɗanda suka jingina aikinsu a kansa dole suka nemi wata hanya. A 2016 kuma, wasu firintocin HP sun daina karɓar katirij ɗin da ba na kamfanin ba, saboda wani tsari da aka sa a manhajarsu. Mu da yawancinmu ke amfani da tawadar ɗuri, ya kamata mu tambayi wannan kafin mu biya. Araha ba ta ado.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma shi ya fi damuna. Firinta mara kebul ƙofa ce a jikin shago. Idan ba a kulle ta ba, kowa na iya shiga. A 2018 wani mai kutse ya tura saƙo zuwa firintoci kusan 50,000 a sassan duniya, suka buga shi ba da sanin masu su ba, don kawai an bar su a buɗe a intanet. Ku tuna irin abin da ke bi ta hannunmu: lambar BVN, takardar asibiti, takardar fili, hoton fasfo na 'yar wani. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai riƙe da bayanan mutane, addininmu da tarbiyyarmu kuwa sun riga ta ɗora shi.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. A canza kalmar sirrin da firinta da rauta suka zo da ita tun ranar farko. A ware wa kwastomomi layin Wi-Fi dabam da wanda kwamfutar lissafin shago take kai. A goge fayil ɗin mutum da zarar an gama masa aiki, a gabansa in da hali. A kuma koya wa yaran shago waɗannan ƙa'idoji, domin su ne ke zaune a gaban na'urar.

Wanda tebur guda gare shi da kwamfuta guda, kebul ya ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda kwastomominsa ke zuwa da waya a hannu, ya saya, ya kulle, ya kiyaye sirrin mutane.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.