Tsohon Layin Zariya zuwa Jos: A Ajiye Shi da Ƙafafun Jama'a

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka kai tsaye zan shiga magana.

A zauren nan ba sai na tsaya ba da tarihin ƙaramin jirgin Bauchi ba. Kun san Turawa sun shimfiɗa shi ne saboda kuzar Jos, daga nan Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni ya isa Jos da Bukuru a 1914. Kun san faɗin digarsa ƙafa biyu da rabi ne, tsawonsa kuwa ya haura kilomita 200. Da babban layi ya ɓullo ta Kafanchan a 1927 sai kuza ta sauya hanya, jirgin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Abin da nake so mu tambayi kanmu shi ne: da aka kwashe ƙarfen, ina aka kai filin?

A nan muke rabuwa da 'yan'uwana masana sufuri, kuma rabuwar ta daɗe. Su idan aka ce layin dogo, taragu suke gani da tan-tan na kaya. Layin da ba jirgi a kansa, a lissafinsu, ya mutu. Ni kuwa na ce mafi tsadar abin da ke cikin layin dogo shi ne zirin ƙasar da yake kai. Ƙarfe ana sayowa, katako ana sayowa, kan jirgi ana sayowa. Amma ziri ɗaya tilo mai ratsa gonaki da ƙauyuka da rafuka har kilomita 200 ba tare da ya yanke ba, wanda injiniyoyi suka riga suka sassabe masa tudu suka cike masa kwari don kada hawa ya fi ƙarfin ƙaramin inji, wannan idan ya kuɓuce sai an biya diyyar dubban mutane kafin a sake haɗa irinsa. Ku tuna Zariya tana kan tsayin mita ɗari shida da 'yan kai ne, Jos kuwa wajen mita 1,200. Hawan da jirgi mai ƙaramin ƙarfi ya iya da kaya a bayansa, yaro ɗan firamare zai iya shi a kan keke.

Amurkawa sun gane haka. Da kamfanoninsu suka yi ta watsar da layuka, filayen suka riƙa komawa hannun maƙwabta gutsure-gutsure, sai a 1983 majalisarsu ta gyara dokar hanyoyin yawo ta ƙasa, ta saka tsarin ajiyar layi. Ga yadda yake. Kamfani ya gaji da layi, maimakon a ayyana cewa an yi watsi da shi, sai jiha ko ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ta karɓe shi amana. Ita za ta kula da shi, ita za ta ɗauki alhakin duk abin da ya faru a kansa, ta kuma mayar da shi turbar tafiya da ƙafa da keke. A idon doka yana nan a matsayinsa na layin dogo, ranar da aka bukaci jirgi ya dawo sai a miƙa shi. Masu filaye sun kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a 1990. Da wannan tsari jihar Misuri ta samu turbar Katy, mil 240, shimfiɗar tsakuwa kawai, wadda aka buɗe sashenta na farko a 1990.

Na san abin da za ku ce: ai da zarar mutane sun saba da yawo a kai, jirgi ba zai dawo ba. To ku dubi garin Denton a jihar Tekzas. A 1993 garin ya karɓi wani tsohon layi a ajiya, ya yi turba. A 2011 jirgin fasinja ya dawo kan zirin nan, turbar kuma aka gyara ta a gefensa. Yanzu ku dubi inda ba a yi ajiya ba. A Sikotland an rufe layin da ya tashi daga Edinbura ya yi kudu a 1969. Da aka zo farfaɗo da mil 30 kacal daga cikinsa, wanda aka buɗe a 2015, sai da aka rushe gidajen da aka gina a kai, aka kuma haƙa ƙarƙashin babban titin da ya datse shi, aikin ya ci fam miliyan 294. Ina roƙon duk mai koyar da tsara sufuri ya ajiye waɗannan misalai biyu gaban ɗalibansa tare. Gidan da ba mai kwana a ciki shi ke fara zama kango, filin layin dogo ma haka yake.

Na sha kai wannan magana gaban jami'ai, amsar ba ta canzawa: Malam, mutanen da ke neman abin da za su ci, su ne za su fita shan iska a kan keke? Wannan tambayar wanda ke cikin mota ce. Ka tsaya bakin titin Zariya zuwa Jos ranar kasuwa. Za ka ga dattijo ya ɗaure buhun masara a kariyar keke, tirela ta taho ta watsa masa ƙura, ya sauka gefen kwalta yana dafe da kan keken don kada iska ta kayar da shi. Za ka ga 'yan mata da tiren talla, da 'yan makaranta a jere, taku biyu ne tsakaninsu da tayar mota. Waɗannan su ne masu turbar. Mai yawon buɗe ido da 'yan tseren keke za su zo daga baya, kuɗinsu kuma zai shiga aljihun mai shayi da mai faci da mai masauki, kamar yadda ƙananan garuruwan Otago a Niyu Zilan suka farfaɗo bayan an buɗe turbarsu mai kilomita 150 a 2000.

Ana kuma kawo batun tsaro. Hanyar da mutane ke bi safe da yamma ta fi daji wuyar ɓoye mugu. Ana kawo batun manoman da suka daɗe suna noma wurin. Mita huɗu muke nema, kuma a biya su.

Ga abin da nake so a yi. Sashen safiyo na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri da ke nan Zariya su ɗauki tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan'adam, su tura ɗalibai su taka layin, su rubuta kowane tudun ƙasa da kwalbati da ginshiƙin gada da ya rage, da inda gini ko titi ya haɗiye shi. Aikin damina ɗaya da rani ɗaya ne. Sannan majalisun Kaduna da Filato su yi dokar ajiyar layi. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun Tarayya ita kaɗai, uzurin cewa sai Abuja ta yarda ya ragu ƙwarai.

A fara da Zariya zuwa Soba. Kada a zuba kwalta, jar marmara da aka danne ta isa, kuma ƙaramar hukuma za ta iya gyara ta. A dasa darbejiya da mangwaro gefe da gefe, a haƙa rijiyar burtsatse a kowace tsohuwar tasha, a kafa turaku a mashiga don kada mota ta samu shiga. Babur ma ina kan bakana cewa a hana shi, duk da na san a nan za a fi yi mini gardama. Kulawar kowane yanki a ba dagaci da matasan garin, da ɗan alawus a rubuce.

Dokar kuma kada ta tsaya kan layin da aka rufe a 1957. Ana shimfiɗa sabon layin Kaduna zuwa Kano, kuma ranar da ya fara aiki tsohon layin garuruwan biyu na 1911 zai rasa masu tambayarsa, ga shi tun yanzu ana kama masu yanke diga suna sayar wa 'yan gwangwan. Haka reshen Kauran Namoda da na Baro. A rubuta a cikin dokar cewa duk layin da jirgi ya shekara biyar bai bi ba ya shiga ajiya kai tsaye, kuma ba hukumar da za ta yanka fuloti a kansa.