Ɗakin Gwajinmu Yana Bakin Kasuwa

 

Mun daɗe muna kukan rashin kayan koyar da kimiyya. Kukan gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina neman haƙƙin ba. To amma yaran da ke gabanmu a nan Nasarawa ba za su tsaya da girma har kayan su iso ba.

A bara na tambayi 'yan aji shida dalilin da ya sa masu lodi kan jingina katako a bayan mota. Duk sun haddace dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687, amma ajin ya yi tsit. Na san laifin nawa ne.

Washegari muka samo katako da igiya. Buhun shinkafa kilo 50 ne. In za a ɗaga shi tsaye zuwa mota mai tsawon mita 1, sai an ɗauki nauyin duka. In aka ja shi a kan katako mai mita 4, ƙarfin da ake bukata ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kamar ɗaga kilo 12 da rabi, sai ɗan ƙari saboda gugar buhu da katako. Wahala ta ragu, tafiya ta ƙaru.

Haka gargaren da ake ratsa igiya a bakin rijiya. In a kafe yake, bai rage nauyin guga ba; ya dai juya jan zuwa ƙasa, inda nauyin jikin mai ja zai taimaka masa. Sai an ƙara na biyu mai tafiya tare da kayan ƙarfin ke raguwa da rabi, igiyar da za a ja kuma ta ninka.

Doka ta uku kuwa tana bakin kogi a Argungu: mai kwalekwale ya tura ƙasa baya da gora, ƙasa ta tura shi gaba.

Wata yarinya ta koma gida ta bayyana wa mahaifinta, magini, dalilin da ya sa baro ke rinjayarsa in katakon ya cika miƙewa. Da kansa ya zo makaranta yin godiya.

'Yan'uwa, gani ya kori ji. Kowannenmu ya fita da ajinsa ko sau ɗaya a wannan zango.

Allah Ya sa mu dace.