Jawabin Shugaban Sashen Tsara Gine-gine a Bikin Buɗe Baje Kolin Zanen Tsohuwar Roma

Mai girma Shugaban Jami'a da mataimakansa, Magatakarda, Ma'ajin Jami'a, shugabannin tsangayoyi, iyayenmu sarakuna, shehunan malamai, ɗalibai, 'yan jarida, manyan baƙi maza da mata.

Sashenmu na alfahari da abin da ya tara a wannan zaure: kwafin zanen Sebastiano Serlio na 1540, da kangayen Roma da Hieronymus Cock ya buga a Antwerp a 1551, da haikalan littafin Palladio na 1570, da hotunan da Antonio Lafreri ke sayarwa a Roma, waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda.

Kowane gini da saƙonsa. Ƙofar Titus shelar nasarar yaƙi ce. Ginshiƙin Sarki Trajan na shekarar 113 labarin yaƙe-yaƙensa ne a jikin dutse, kuma a 1587 Fafaroma Sixtus na Biyar ya ɗora mutum-mutumin Manzo Bitrus a bisansa, don kowa ya san mulki ya koma wani hannu. Kolosiyam da ciyawa a bangonsa kuwa wa'azi ne ga masu mulki.

Ku na baya can, a ajiye wayoyin nan. Wannan zai fito a jarrabawa.

Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, ina roƙon ka tsaya gaban zanen ginin Septizodium, wanda Sarki Septimius Severus ya gina a 203. Wancan Fafaroman ne ya sa aka fara rushe shi a 1588, aka kwashe duwatsun zuwa wasu gine-gine. Yau mai son ganinsa a tsaye sai a takarda, domin an samu masu adana ta sama da shekara 400.

Mu fa? Ɗakin ajiyarmu yoyo yake duk damina. Gara ta fara cin akwatuna. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu. Mun rubuta, mun sake rubutawa, kullum amsar ita ce ana dubawa. Malam Ma'aji, na ga kana murmushi. Garar ma dubawa take, amma ita ba ta jiran zaman kwamiti. Rufi muke nema, da akwatunan ƙarfe, da wutar sola, kafin ruwan farko ya sauka. In ba haka ba, da an sauke hotunan nan, ɗakin can za su koma.

Ina gayyatar mai girma Shugaban Jami'a ya yanke ƙyalle.