Jawabi Kan Dokar Taba Sigari Da Aiken Yara Wurin Mai Tebur

An nemi mu yi bayani kan abin da gwamnati ta tanada game da shan taba. Za mu faɗi doka tukuna, sa'an nan mu dawo gida, gama a gida maganar ta fi nauyi.

Wannan yaƙi ba yau aka soma shi ba. A shekarar 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a wurare irin su makarantu da asibitoci da motocin haya. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba. A 2007 kuwa gwamnatin jiharmu ta Kano, kamar yadda Legas da Gombe suka yi, ta maka manyan kamfanonin taba a kotu tana neman diyyar kuɗin jinyar mashaya. Dokar da ke aiki yanzu ita ce wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2019. Hotunan nan masu tayar da hankali da kuke gani a jikin kwalin sigari, daga nan suka samo asali.

To, akwai abubuwa biyu a cikin dokar da muke so kowa ya koma gida da su. Ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shi yaron ya zama mai sayarwa. Sa'an nan ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda mai kara 20 a rufe.

Wani zai ce, ina ruwan gwamnati da kara ɗaya? Ai a nan dabarar take. Yaro ɗan firamare ba shi da kuɗin kwali, amma canjin da ya rage a aiken mahaifiyarsa zai iya saya masa kara ɗaya. Wanda ya sayi kara kuma bai ga kwali ba, balle ya ga hoton gargaɗin da ke jikinsa. Da kara ɗaya ake koyo, kuma sinadarin nikotin da ke ciki ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar yaro fiye da ta babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya da ba su sha ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. A ɗakunanmu na ƙauye masu ƙaramar taga, lokacin sanyin hunturu, masu shaƙar nan su ne uwargida da jariri.

Yanzu mu faɗa wa juna gaskiya. A ranar kasuwar Kademi ko a tashar Gaya, wa ya taɓa rasa mai tebur da zai sayar masa da kara ɗaya? Doka tana Abuja a rubuce, masu duba ta ba su cika isowa nan ba. Kuma mu ma ba mu fita daga laifin ba. Sau nawa uba a cikinmu ya ce wa ɗansa, maza je ka karɓo mini kara biyu, har ma ya ce ya kunno ta a murhu? Yaron da ya kunno, ai ya ja sau ɗaya kafin ya miƙa. Kakanninmu ma da suke cin taba gari ko shaƙar asara, jika ne ɗan aike. Kada a ce wannan ba sigari ba ce, ganyen ɗaya ne, tana kuwa jawo ciwon daji a baki.

Ga waɗanda suka riga suka kamu, ba mu zo mu kunyata kowa ba. Bari yana da wuya, mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su ci nasara. Amma tarin da ya wuce sati biyu kada a zauna da shi, a je asibiti a auna, gama mashayi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, maganinsa kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Abin da ya fi wuya shi ne batun 'yan'uwanmu masu tebur da ƙananan shaguna. Sun gaya mana sigari ce ke kawo mai saye, wanda ya zo neman kara shi ne zai ɗauki ashana da sabulu, in ka hana shi sai ya wuce teburin gaba. Gaskiya suka faɗa, da cinikin ne kuma suke biyan kuɗin makaranta. Duk da haka ra'ayinmu shi ne, hana yaro ba ya jiran shawara, daga yau ne. Batun kara-kara kuwa, muna roƙon dattawa su zauna da masu shagunan kowace ikilisiya, su kuma je wurin masu unguwa da maƙwabtanmu Musulmi masu tebur, domin in ba a daina tare ba, mutum ɗaya ne zai yi asara. Muna fata kowace ikilisiya za ta kawo rahoton zaman kafin 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya.