Li Na da Tambayar Gumin Ɗan Wasa

Mai girma magajin gari, iyayenmu hakimai da limamai, malaman makaranta, iyaye mata, samari da ƴanmatan Ibohamane:

Labarin wata mace na kawo muku yau, ƴar ƙasar Sin, sunanta Li Na. Sana'arta wasan tanis, wanda mutum biyu ke tsayawa da raga a tsakaninsu suna mayar wa juna ƙaramar ƙwallo. Mu a Adar kokowa muka gada, amma tambayar da rayuwar matar nan ta tayar ta shafi kowane ɗan kokowa: idan hukuma ta ɗauki yaro ta rene shi har ya zama gwani, wa ke da iko da jikinsa, da lokacinsa, da kuɗin da guminsa ya kawo?

An haife ta a birnin Wuhan a 1982. Mahaifinta ɗan wasan badmintin ne, shi ya fara sa ta a wasan tana ƴar shekara shida, daga baya masu horarwa suka ga ƙarfin hannunta ya fi dacewa da tanis. Tana shekara goma sha huɗu ya rasu, ya bar uwarta da bashin jinya. Daga ranar wasa ya tashi daga abin sha'awa ya koma abin da gida ke dogaro da shi. A 1997 ta shiga ƙungiyar ƙasa, a 1999 ta fara wasan neman kuɗi.

Ku ji yadda tsarin ƙungiyar ƙasar Sin yake a wancan lokacin. Hukuma ke ciyar da ɗan wasa, ta ba shi makwanci da likita da kuɗin jirgi. Ita ke zaɓar mai horar da shi, ita ke faɗin gasar da zai je da wadda ba zai je ba. In ya ci kyauta, kashi 65 cikin 100 na hukuma ne. Ba zan raina wannan tsari ba, domin ba don shi ba, marainiya irin Li Na ba za ta taɓa taka filin tanis na duniya ba. Laifinsa ɗaya ne, bai san lokacin da yaro ya girma ba. Li Na da kanta ta faɗa a littafin tarihinta cewa ta yi shekaru ana horonta da tsawa, ba ta jin kalmar yabo.

A ƙarshen 2002, tana ƴar shekara ashirin, ta tattara kayanta ta bar ƙungiyar. Ta shiga jami'ar Huazhong da ke garinsu ta fara karatun aikin jarida. Malamai, wannan wurin naku ne. Yarinyar da ake ganin ta yi asarar baiwarta ta zauna a aji, ta ga duniyar da ba raga a cikinta. A 2004 ta dawo fili, kuma a shekarar ta ci gasar Guangzhou, ta zama ƴar Sin ta farko da ta ɗauki kofin ƙungiyar ƙwararrun mata ta duniya ita kaɗai. Karatun ma ba ta yar ba, ta kammala shi a 2009.

A wasannin Olamfik na Beijing a 2008 ta kayar da Venus Williams, amma ta ƙare ta huɗu, ba lamba. Bayan nan ne hukumar tanis ta Sin ta yarda ta saki mata huɗu, Li Na da Zheng Jie da Yan Zi da Peng Shuai, su riƙe kansu. Kason hukuma ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Sai dai yanzu albashin mai horarwa daga aljihunta zai fito, haka jirgi da masauki da magani. In an fitar da ita a zagayen farko, asarar tata ce ita kaɗai. Ta karɓa. Mijinta Jiang Shan, wanda tsohon ɗan wasa ne, ya riƙa bin ta gari gari yana horar da ita, daga baya ta ɗauki wasu daga waje, irin su Michael Mortensen na Denmak da Carlos Rodriguez na Ajantina.

Ranar 4 ga Yuni 2011, a Paris, ta kara da Francesca Schiavone ta Italiya a wasan ƙarshe na gasar Roland Garros. Da ƙwallon ƙarshe ta abokiyar karawarta ta wuce layi, Li Na ta zube rigingine a fili, ta tashi bayan rigarta duk jar ƙasa. Mutum wajen miliyan 116 ne suka kalli wasan a Sin. Kafin ita, ba wani ɗan Asiya, mace ko namiji, da ya taɓa cin ɗaya daga manyan gasa huɗu na tanis shi kaɗai. Shekarunta 29 a lokacin, shekarun da wasu ke shirin ajiye wasa.

Ta sha faɗuwa bayan haka. A wasan ƙarshe na gasar Ostareliya a 2013 sau biyu ƙafarta na gurɗewa, a na biyun ƙeyarta ta bugi ƙasa, likita ya duba ta, ta miƙe ta ƙarasa wasan, Victoria Azarenka ta yi nasara. A shekarar da ta biyo, a wannan gasa, saura ƙwallo ɗaya Lucie Safarova ta fitar da ita a zagaye na uku, sai bugun ya kauce wa layi da ƴan santimita. Ta tsallake, ta je ta kayar da Dominika Cibulkova a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin, ta hau matsayi na biyu a duniya. Watan Satumba na 2014 ta sanar da barin wasa. An yi mata aiki a gwiwa har sau huɗu, jiki ya ce ya isa. Ta tafi da kofuna tara, da kyautar gasa fiye da dala miliyan 16, da takardar jami'a a hannu.

To mu dawo gida. A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin da ake bai wa zakara. Yau kowace jiha cikin takwas tana tura mutum goma. Tamanin ke shiga fili, ɗaya ke fita da takobi. Sunan Issaka Issaka na Dosso ko yaro ya san shi. Ni sauran saba'in da taran ne ke hana ni barci, da ɗaruruwan da aka kayar tun a gwajin ƙauye da na gunduma. Gasa ba ta wuce kwanaki, shekara kuma wata goma sha biyu ce. Saurayi ya goce kafaɗa a gaban ganga da kirari, washegari yana gaban mai ɗori da kuɗin aljihunsa, damina ta zo ba ya iya ɗaga hauya, rani ya yi ya kama hanyar Abijan ko Libiya. Lambobin Olamfik biyu ƙasarmu ke da su, ta tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da ta azurfar Abdul Razak Alfaga a takwando a 2016, shi ma sai da ya je Jamus ya sami horon da yake bukata. Sin ta riƙe ƴan wasanta da ƙarfi fiye da kima. Mu kuwa namu sakin ya yi yawa, muna tuna su ne ranar da ake buga ganga.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin gari ba. Mai girma magajin gari, a buɗe asusun jinya na ƴan kokowar wannan gunduma, a riƙa cire wani abu daga kuɗin ƙofa na kowace kokowa ana zubawa. Kafin saurayi ya tafi wakiltar gari, a zauna da shi da iyayensa a rubuta kason kowa: nasa, na mai horar da shi, na makaɗa. Yaron da ke makaranta kada a cire shi don ana ganin ƙirjinsa ya buɗe. Ku samari, ku tambayi abin da za ku samu tun kafin ku ɗaura walki, wannan ba rashin kunya ba ne.

Sai iyaye mata. Tun daga 1984 da aikin raya karkara na Keita ya fara, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a ka, suna jera su a gangaren tuddai don tare ruwa, suna haƙa ramukan itatuwa. Wasunku suna zaune a nan. Jikokinku ƴanmata sun gaji wannan ƙarfi. Ina roƙon shugabannin makarantu su ware musu lokacinsu na gudu da ƙwallon hannu, da malama mace mai kula da su, da suturar da iyaye za su yarda da ita, kuma a fara tun a wannan zangon karatu.