Masu Ƙirga Tsuntsaye Ba Albashi



A 1964 wasu masu sha'awar tsuntsaye suka kafa ƙungiyar Nigerian Ornithologists' Society, suka fara fitar da mujalla da kuɗin rajistar mambobi. Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta tun farko. A Kano kuwa Bob Sharland yana kama tsuntsaye ya sa musu zobe a ƙafa ya sake su, don a gane inda suke zuwa ci rani. A 1979 ƙungiyar ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma, mujallarta ta koma Malimbus, da Turanci da Faransanci. Sakatare da ma'aji da edita, duk aikin sa kai suke yi. A mujallar ne Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981, lokacin Jigawa tana cikinta, kuma har yau mai son sanin abin da aka rasa a yankin sai ya waiwayi wannan jeri.

Batun madatsun Tiga da Challawa da yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, kowa ya san shi.

Abin da ma'aikatun gwamnati suka ƙi kallo shi ne aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta fara a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da 9 faɗi, gidaje sama da 11,000. Ɗan sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana zagaya gona da rafi da daji da bayan gari. Duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa sai ya shigar a wayarsa da manhajar BirdLasser, bi da bi yadda suka bayyana, wayar kuma tana riƙe wuri da lokaci. Yana iya ci gaba har kwana 5 kafin ya rufe jerin. Gobe wani ya zo gidan nan ya yi nasa. Idan jeri ya taru kan jeri, sai a ga sau nawa ungulu ta fito cikin ziyara 100 a bana, sau nawa a bara. A ga makon da shamuwa take sauka gabanin damina. A ga ko gauraka ta saura a wani lungu. A Arewa, matasan Arewa Atlas Team ne suke wannan fama, yawancinsu ɗalibai.

Wasu abokan aiki a jami'a suna cewa waɗannan yara ba ƙwararru ba ne. Ai duk tsuntsun da aka rubuta a inda ba a san shi ba, sai an nemi hoto ko bayani kafin a karɓa. Masu wannan magana su kawo nasu jerin a kwatanta.

Don haka ma'aikatun muhalli na Jigawa da Yobe su daina rubuta rahoto kan Dagona da Baturiya, matattarar tsuntsaye a fadamar Haɗejiya da Nguru, ba tare da sun buɗe wannan taswira ba. Kyauta ce a intanet. Sassan nazarin halittu su ƙidaya wa ɗalibi kowane jeri a makinsa. A jawo masunta da maharba, waɗanda suka fi kowa sanin kwanan ɗinya da kirinjijiya, a koya musu manhajar da sunayen Hausa. Gwamnati kuma ta bar tsarin a hannun 'yan ƙungiya, ta biya kuɗin mota da madubin hangen nesa.